Akushin Surukina

Shekarar da aka gama yaƙin Turawa na fasa akushin surukina. Watana huɗu ke nan a gidan, a wani ƙauye kusa da Ɗambatta inda gonar wannan take jingine da dangar wancan. Akushin baƙi ne wuluk, gadon ubansa, kuma ba ya cin tuwo a komai sai a cikinsa. Ina wankewa ya suɓuce, ya daki dutsen niƙa, ya tsage tun daga baki har kusan gindi.

Da wani ne, sai in ba shi haƙuri a wuce wurin. To suruki ne. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a zaure da baya nake komawa. Da wane bakin zan ce na fasa?

A gidanmu ba a yi wa mata kulle, don haka ranar kasuwa na naɗe akushin a tsohon zane, na ɗora tallan daddawata a kai, na kai wa wani tsoho mai shagon kayan girki a bakin kasuwa. Ludayi, muciya, faifai, ƙore, tukwane, duk yana sayarwa, kuma yana ɗinke abin da ya fashe. Ya jujjuya shi ya ce, "Ki dawo kasuwa mai zuwa, 'yata."

Kasuwa mai zuwa na tarar da ƙofar a rufe. Mai ƙosai da ke gefe ta ce ai tsoho ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, tafiyar da ake shekaru ana yi, ya sayar da shagon da duk abin da ke ciki. Wa ya saya? Oho. Allah ya yafe min, amma na ji haushin tsohon nan. Mutum ya kama hanyar ɗakin Allah ya bar akushin mutane a kulle!

Na ce wa Inna, uwar mijina, na shafa wa akushin man gyaɗa ne na ajiye ya sha. A ƙwarya na riƙa zuba wa Baba tuwo, kullum kuma rabi ke dawowa. Shi ma kunya ta hana shi tambaya ta. Na rasa inda zan sa kaina. Sau biyu ina zuba wa miya gishiri a kan gishiri. Rijiya tana bayan gidanmu, amma sai in ɗauki tulu in zagaya ta kasuwa, in leƙa ta tsagar ƙofar shagon, ba abin da nake gani sai duhu da yanar gizo.

Sai a kasuwa ta bakwai aka buɗe. Wani saurayi ne daga birni ya saya. Ya shafe bangon da farar ƙasa, ya jera kwanukan fenti masu furanni, mata sun yi masa caa. Na kutsa na tambaye shi kayan tsohon.

"Wannan tarkacen? Na ba mai ƙosai ta hura wuta," in ji shi. Da ya ga idona ya kawo ruwa ya ce, "In akushi ne, wani dattijo ya tsince shi shekaranjiya ina shara. Ki sayi na fenti mana, wa ke cin tuwo a itace yanzu?"

Kamar in kife masa kwanukan a ka. Na kamo hanya ina kuka, na ƙudura yau zan faɗa wa Inna gaskiya, ko me za a yi a yi.

Ina shiga madafa na ga akushin a gefen murhu, an ɗaure tsagar da ƙarfe uku irin na maƙera. Na tuƙa tuwo, na zuba, Inna ta kai.

Can sai na ji muryar Baba ta bayan zana yana yi wa Inna magana, ya ɗaga ta yadda ba zan kasa ji ba.

"Ki gaya wa yarinyar nan ta bar zagaye kasuwa da tulu. Tsohon ya faɗa min ranar da ya zo sallama. Kuma tsagar nan ke kika fara ta, shekarar da aka kawo ki, kika liƙe da ƙaro kika yi shiru."

Inna ta ce, "Au, Malam, ashe ka sani?"

Kasuwa bakwai ya sani yana kallona, shekara talatin ya sani yana kallonta. Kunya da haushi da dariya suka kama ni lokaci guda, na toshe baki da zane. Akushin ya dawo a suɗe tas.