Kaboyin Kawu Ba Shi da Fuska

Jiya ina goge saman talabijin a flat ɗina na unguwar Hulme, sai ɗan mutum-mutumin kaboyi na ƙarfe da ke kai ya soke ni a yatsa. Marigayi kawuna ne ya ƙera shi da ƙusoshin takalmin doki, a garejinsa na unguwar Erdington mai ƙaurin walda.

Ina wurin ranar da wani likita ɗan masallacinsu ya leƙo ya ce, "Malam, da girmanka kake ƙera gumaka?"

Kawu ko ɗagowa bai yi ba. "Duba da kyau, Dakta. Ban taɓa yi wa ko ɗaya fuska ba. Wannan aikin Mai Sama ne."

Na mayar da kaboyin inda kowane baƙo zai gan shi. Duk mai magana ya zo ya same ni.

Allah Ya haskaka fuskarka, Kawu.