Goran Irin da Na Cika da Rairayi

Iya, mahaifiyar babanmu, ita ce mai tatsuniya a gidanmu. Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Roni, ta wajen hanyar Gwiwa. Da an idar da sallar lisha sai mu kewaye murhunta, ni da ƙanwata Kande da 'ya'yan maƙwabta. Idonta ya riga ya yi yana, da murya take gane mu. Ni takan kira ni "maigida", irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce na sake ta don ba ta da haƙori. Sai ta yi dariya ta ce, "Sake ni mana, mu ga wadda za ta kwashi mai kunnuwa kamar faifai."

Zamanin Turawa ne, lokacin da aka matsa wa kowa ya shuka gyaɗa. Masu saye sukan zo daga Kazaure da sikeli, jakuna su kwashe ta zuwa Kano. Baba ya ba gyaɗa wuri mafi kyau a gonarmu, ya tura gero gefen dutse. Iya ta yi magana, ta ce ita ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwo da gyaɗa ba, amma haraji ba ya karɓar dami, kuɗi yake so. A shekarar da nake da kamar goma, gero ya fidda kai bai kai ga nuna ba, sai fara ta sauka. Kwana biyu ta yi. Da ta tashi, gonaki kamar an aske su.

Ɗan abin da ya tsira, Iya ta bi shi da lalube, ta ware zangarnu masu ƙwari, ta sussuke, ta cuɗa ƙwayar da toka don kada ƙwaro ya shiga, ta ɗura a wani babban gora, ta liƙe bakin da laka. Wannan shi ne iri. A wajenmu ba a buɗe goran iri sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Baba ya tara mu a tsakar gida, ya ɗora hannu a kan goran ya ce, "Duk wanda ya taɓa wannan kafin ruwa, ko ɗan cikina ne, ban yafe masa ba duniya da lahira." Aka kai shi ƙarƙashin gadon karan Iya. Kowace yamma sai ta jawo shi, ta ɗaga, ta ji nauyinsa, ta mayar.

Rumbu ya ƙare tun sanyi bai gama fita ba. Muka koma dusa da busasshiyar rama, sannan garin goruba. Mata suka rinƙa tona gidan tururuwa suna kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara. Baba yakan tafi Kazaure aikin laka, ya yi kwana bakwai, ya dawo da abin da ba zai cika ƙoƙo biyu ba. Ya ce mana a cikin gari hatsi na nan jibge a kasuwa, ido ke ci, hannu ba ya kai wa. Gidaje uku a unguwarmu suka ɗaure kaya suka bi hanyar Kano. Mu abin da ya riƙe mu shi ne goran nan. In ruwa ya sauka muka shuka, wata uku za mu ci tumu. In babu iri, babu zama.

Da bazara ta shigo, ba sanyi ke sa Iya hura wuta ba. Takan ɗora tukunya da ruwa da ganye, ta bar shi yana tafasa a hankali, tana ba mu labari har barci ya ɗauke ƙanana kafin su tambayi tuwo.

A nan laifina ya fara, kuma ba zan yi masa ado ba. Wata rana da rana, Iya tana bakin rijiya wajen mata, na shiga ɗakinta. Na sami tsinken ƙarfe na huda goran a wuya, daidai inda igiya ta naɗe. Na karkata shi, gero ya zubo mini a tafin hannu. Na watsa a baki da tokar da komai. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, har yau. Na toshe hujin da ƙaro, na ce daga wannan ba ƙari. Kashegari na koma. Da na tuna Iya tana ɗaga goran, sai na sami dabara: duk tafin da na ɗiba, sai in ɗura rairayi madadinsa. Daga baya har da rairayin nake taunawa. Kande tana kwance cikinta ya kumbura, gashinta ya yi ja, ko sau ɗaya ban sam mata ba, don ina tsoron bakinta.

Wata yamma muna zaune, Iya ta jawo ni jikinta kamar da wasa, ta shafa fuskata. Yatsanta ya tsaya a gefen bakina. Ta kai shi hanci, ta sunsuna. Ta gyara itace a wuta, ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe."

Muka ce, "Ta ƙaraso, mun share mata wuri."

Ta ce wai a wani gari an yi baƙuwa, wata doguwar mata busasshiya, sunanta Yunwa. Ba ta sallama. Ta shiga gidan farko ta lashe rumbu, ta lashe tukwane, ta cinye har dusar awaki. Haka ta bi gida gida. Amma Yunwa da aibi guda aka halicce ta: ba ta da yatsu, hannunta dungu ne. Komai za ta iya lasa, goran iri kuwa ba ta iya buɗe shi. In ba ta ci iri ba, ranar da ruwa ya sauka dole ta naɗe tabarma. In ta ci, ta sami wurin zama shekara biyu. Saboda haka sai ta shiga cikin wani ɗan gidan ta zauna, ta rinƙa yi masa waƙa. Iya ta ƙanƙance murya:

"Ɗan gida, ɗan gida,
Ara mini yatsa,
Tafi ɗaya ne,
Wa zai gani?"

Yara suka yi dariya. Ni kuwa na ji kamar an zuba mini garwashi a riga.

Ta ce a gida biyu Yunwa ta sami masu ara mata yatsa. Na gidan farko, da ya ga gabas ta fara haɗa hadari, sai ya je ya faɗa wa kakarsa. Tsohuwa ta ɗauki ƙoƙo ta bi dangi, wannan ya ba ta tafi, wancan ya ba ta rabin tafi, kafin ruwa ya sauka gora ya cika. Yunwa ta fita tana zagi.

Kande ta ɗago kai ta ce, "Iya, an doke shi?"

"An doke shi mana. Tsumagiya uku. Ya yi kukansa, ya share hanci, da hatsi ya nuna ya fi kowa loma."

"Na ɗaya gidan fa?"

"Shi ya yi shiru. Ya ce sai gobe. Gobe ta yi, ya ce sai jibi." Iya ta ƙara tura itace a wuta. "Ni nan na bar su. Ban san yadda suka ƙare ba."

Dare uku a jere wannan tatsuniyar take maimaitawa, har ɗan maƙwabcinmu ya ce, "Iya, ko taki ta ƙare ne kamar rumbu?" A dare na uku, da yara suka watse, ta riƙe hannuna ta ce, "Maigida, ba ka da wata magana da matarka?"

Na ce, "Babu."

"Ko 'yar ƙarama?"

"Babu, Iya."

Ta jawo goran, ta ɗaga, ta jinjina shi. Nauyi na nan. Na ji ta sauke numfashi. Ta ɗauka tafi ɗaya ko biyu na ɗiba, kuma tatsuniya ta tsorata ni na daina. Rairayina ne ya ruɗe ta. Tana da ƙane a Kanya Babba, ta wajen Babura, inda fara ba ta yi ɓarna sosai ba. Tafiyar kwana biyu ce. Da na buɗe baki a daren nan, da Baba ya je ya dawo da iri tun sama ba ta yi baƙi ba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Amma ina tuna hannun Baba a kan gora da abin da ya faɗa, sai harshena ya yi nauyi. Mafi muni kuma, bayan kwana biyu na sake komawa ɗakin.

Ruwa ya sauka wata Alhamis da la'asar, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Mata suka yi ta guɗa. Da asuba Baba ya fito da sungumi, Inna mahaifiyarmu ta kawo ƙwarya, aka fito da gora. Baba ya yi bisimilla ya fasa lakar, ya tuntsura. Rairayi ya zubo, da toka, da 'yan ƙwayoyin gero jefi-jefi.

Baba ya girgiza goran, ya leƙa ciki, ya sake girgizawa. Sannan ya juyo, idonsa ya sauka a kaina.

"Wane ne?"

Iya ta ce, "Me ya faru? Ku ba ni in taɓa." Aka kai hannunta cikin ƙwaryar. Ta damƙi rairayin, ta murza shi a yatsu, ta daɗe tana murzawa. Sai ta ce, "Ni ce."

Baba ya ce, "Iya?"

"Ni na ci. A ɗakin wa yake kwana?"

Inna ta ce, "Haba Iya, da wane haƙorin?"

"Jiƙawa nake yi. Tsufa ne da yunwa, sun haɗu sun fi ƙarfina." Ta juya fuska wajen da take jin numfashin Baba. "Kai ka yi rantsuwa. To ga ni. In za ka iya, sauke ta a kaina."

Baba ya saki sungumi ya zauna a cikin taɓo, ya haɗa kai da gwiwa. Ina tsaye, taku uku tsakanina da shi. Ban ce komai ba.

A ranar Baba ya kama hanyar Kanya Babba. Ya tarar su ruwansu ya riga namu, sun shuka nasu kaf. Ƙanen Iya ya ce masa, "Da ka zo ko da kwana biyar da suka wuce ne." A kasuwar Babura ya ga iri, amma ko akuya ba mu da ita da za a sayar. Abin da Inna ta tankaɗe daga rairayin bai rufe ko kusurwa ɗaya ta gonar ba. Sauran gonar kuwa ciyawa ta cinye.

Magana ta bazu. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa murhun Iya. A bakin rijiya, in ta wuce da sandarta, sai a ce, "A kawar da ƙwarya, ga Ci-iri nan." Tana ji. Ba ta taɓa tankawa ba, kuma ba ta daina ce mini maigida ba. Wata yamma, ni da ita kaɗai a bakin wuta, na ce, "Iya, zan gaya wa Baba." Ta lalubo bakina ta rufe da tafinta.

"Ruwa ya riga ya sauka," in ji ta. "Da can nake son ka yi magana. Yanzu in ka faɗa, iri ba zai dawo ba, bakin ubanka ne kawai zai kama ka. Ni ba zai iya tsine mini ba. Yi shiru."

Ta rasu cikin marka, hatsin mutane bai nuna ba. Bayan kwana arba'in muka ɗaure kaya. A Kano Baba ya zama ɗan dako, yana ɗaukar buhunan gyaɗa a ka, ita dai gyaɗar. Mutumin da kafin shekarar fara bai taɓa yi wa wani aiki ba sai gonarsa, ya ƙare yana jiran a kira shi da "kai, zo nan". Bai sake komawa gida ba. In an ambaci mahaifiyarsa sai ya ce Allah ya jiƙanta, ya kawar da kai. Na yi shekara goma sha tare da shi bayan na mallaki hankalina, na yi jinyarsa, na sa shi a kabari, ban faɗa ba. Nakan ce wa kaina umarnin Iya nake bi. Ƙarya ne. Tsoro ne, irin na daren nan uku.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan sata take. Sai da na haifi nawa, na ga yadda yaro ke kallon tukunya, sannan na gane Iya ba ta yi mamakin na buɗe gora ba. A labarinta ma gida biyun duka sun buɗe. Ita abin da ta roƙe ni kwana uku shi ne in yi magana tun maganar tana da amfani. Gaskiyar da na riƙe ta yi ta rage daraja kullum, har ta kai ranar da ba ta iya sayen komai.

Bara na je ƙauyen, bayan shekaru masu yawa. Ban sami wanda ya san ni ba. Gonarmu tun tuni mai unguwa ya ba wasu, kamar yadda ake yi da gonar da aka bari. Na tarar da wani magidanci yana noma a ciki, na yi masa barka da aiki, na tambaye shi ta wa ce.

Ya ce, "Tamu ce, Baba. Gonar Ci-iri ake ce mata. Wai wata tsohuwa ce ta cinye irin gidansu a zamanin yunwa."

Na ce masa ba tsohuwar ba ce, jikanta ne, kuma ga shi a gabansa. Na ba shi labarin tun daga tsinken ƙarfe. Ya saurara da ladabi, ya jingina da fartanya, ya ce, "Allah Sarki. Ai ya wuce, Baba. Suna ne kawai." Da zan tafi na ji ya ƙwala wa ɗansa kira, ya ce a kawo masa ruwa nan Ci-iri.

Ba ni da ikon canza wa gona suna. Abin da na iya shi ne wannan da na rubuta. Wanda duk ya bi ta bayan duwatsun Roni ya ji an ambaci gonar nan, ya sani ni ake kira. Sunana Ilu. Ita sunanta Hadiza, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta ci ba.