Bayan da ya hana ni sujada wata biyar

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ga rubutuna ba. Ciwo ne ya fara rufe min baki, daga baya kunya ta karɓa.

Da yawanku kun san ni da karantarwa a Wurno, da kuma kaifin baki. Shekara biyu da sunka wuce, ƙanena Bello, ma'aikacin jinya, ya fara tara manoman albasa a ƙofar gidanshi shina koya musu miƙe jiki saboda ciwon baya. Da na ji ana kiran abin yoga, ko tambayarshi ban yi ba. Na hau shafin nan na rubuta cewa bautar Hindu ya kawo mana gari. Cikin mako guda mutane sunka watse, wasu har gaisuwa sunka daina yi da shi. Ni kuwa har daɗi na ji, Allah ya yafe min.

Bara da rani ina ɗaga injin ban-ruwa a fadamarmu wajen Rimawa, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna. Na ce gajiya ce. Wanzami ya yi min ƙaho, anka shafa man zafi. Sati uku, ƙafar hagu ta fara mutuwa.

Ruku'u ya gagare ni. Sujada kuwa ba a magana. Ni da ke jan mutane salla in liman ba shi nan, na koma ƙarshen sahu bisa kujerar roba. Na ji tsoro ƙwarai, kada in mutu goshina bai sake taɓa ƙasa ba.

A Sakkwato anka sa ni cikin injin hoto. Likita ta ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zame ya danne jijiya. Ta ce, "Malam, kafin mu yi maganar tiyata, ka je ɗakin gashin ƙashi."

Na shiga na tarar da igiya a bango, da ɗamara, da guntayen katako. Na tambayi mai gashin mi ke nan. Ya ce sun aro dabarar daga wani malamin yoga na Indiya, mabiyin Hindu, wanda ya tashi da ciwo iri-iri tun yarinta, motsa jikin nan ya tashe shi, ya kwashe rayuwarshi shina koyar da shi ƙasa-ƙasa. Kayan nan don marasa ƙarfi irina ya fito da su. Ashe da abin da na kira bautar Hindu za a yi min magani.

Na kira baffanmu a Rabah, wanda ya karantar da ni. Ya ce, "Sun ce ka kira sunan wani abin bauta?" Na ce a'a. "Sun ce ka rusuna ma rana?" A'a. Ya ce, "To sha maganinka. Amma kai, wa ka tambaya kafin ka yanke ma Bello hukunci?"

Da za a sallame ni, mai gashin ya ce sai da wanda zai riƙa kama min kullum. Duk Wurno mutum ɗaya ya iya, Bello.

Ban kira shi ba, innarmu ce ta aika. Ya zo da tabarma da ɗamara, ya ce, "Yaya, kwanta." Wata uku shina zuwa bayan la'asar, bai taɓa tayar da zancen ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ranar da goshina ya kai ƙasa na yi kuka. Na gode wa Allah, na gode wa innarmu da likitoci.

Shawarata: in ƙafa ta fara mutuwa, a bar ƙaho a tafi asibiti. Kada a kwaikwayi motsa jiki daga waya, a nemi wanda ya sani. Abin da ya shige maka duhu na addini, tambayi malamai kafin ka rubuta.

Akwai wani dattijo a Magarya da ya daina zuwa wajen Bello saboda maganata. Yanzu sai an ɗaga shi. Na je neman gafara, ya ce, "Mu ai malam munka bi."

Bello, ka yafe min. Ranar Asabar bayan la'asar zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanka in kwanta. Duk wanda na kora ya zo ya gan ni.