Ramukan da Muka Bar wa Tanti Na'omi

Kafin rana ta yi zafi, Tanti Na'omi Kalibu ta riga ta sauka daga kabu-kabu a Sabon Gari. Daga Tsibiri take tasowa, ragar ƙwallaye a kafaɗa. Aikinta na farko tsintsiya ne. Takan share filin ƙwallon kwando na bayan lekol, wato makarantar 'yan mata, tana tsince tsakuwa da hannu, domin a cewarta tsakuwa guda ta isa ta kai yarinya wurin mai ɗori. Sai ta gama take busa usur.

Yaran yanzu mai koyarwa suka san ta. Tsofaffi irina sun ji labarinta tun tana wasa, doguwa bahaguwa, wadda ta sha hana 'yan Yamai barci. Gwiwa ce ta fitar da ita. Maimakon ta zauna jinya, sai ta kama bin gidaje tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu mata. Ita ta zauna da tela aka ɗinka musu dogayen wanduna da ɗankwalin da ba ya zamewa, har Malam Idirisa, da ya rantse 'yarsa ba za ta yi tsalle a gaban jama'a ba, ya saki Nafisa. Yau Nafisa ce ke jan ƙungiyar. Daɓen simintin filin ma, ita da 'yan matan suka jido yashinsa.

Buri ɗaya gare ta, ta kuma sha faɗa: iyaye mata su ga 'ya'yansu suna wasa. Bana aka sa wasanta na ƙarshe a matsayin mai koyarwa, da 'yan Jiratawa, a filinmu. Ta bi uwayen ɗaya bayan ɗaya, suka ce za su fito.

Sai mu kuma muka ce lallai mu karrama ta kafin ranar. Bamaraɗe ba ya taro ba rumfa. Alhaji Maman Lawali, shugaban kwamitin unguwa, ya duba bai ga wuri mai kyau kamar filin ba. Masu rumfa suka zo da guduma suka kafa turakun ƙarfe cikin simintin, yadda suka saba yi a ƙofar gidan biki. Muka ci, muka sha, muka zuba jawabai. Ina sahun gaba ina tafi, turke a gefen ƙafata, ban ga aibun komai ba.

Da Tanti ta iso, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Tanti, kin ga aikinmu?" in ji Maman Lawali, baki har kunne.

"Na gani, Alhaji. Allah shi saka."

Nafisa ta matso tana hawaye. "Tanti, sun hwasa muna hili."

"Yi shiru, ɗiyata, baƙinmu na. Yau dai sun san hanyar wurin."

Da kunnena na ji, kunya ta rufe ni, har yau ba ta sake ni ba.

Ranar wasan, alƙalin wasa ya zo ya ga ramukan, ya ce ba a wasa a nan, aka mai da shi Jiratawa. 'Yan matanmu suka ci. Uwar Nafisa ba ta gani ba, haka sauran uwayen.

Tanti, ke ce kika riƙe 'ya'yanmu, Musulmi da Kirista, ba ki taɓa tambayar ɗiyar wa ce ba sai in za ki raka ta gida. Kainuwa dashen Allah, babu wanda ya yi miki ban ruwa a garin nan. Mun gode, ko da yake godiyarmu ce ta cinye miki wasan ƙarshe, shi kuwa ba ya dawowa.

Masu ƙafa da lafiya, ku koyi aikinta tun tana nan. Ranar Asabar Maman Lawali zai kawo siminti. Duk wanda ya sha inuwar rumfar nan, ya zo ya tsaya a rana.