Motar Yaya Illa Ba Ta San Baya Ba

Jama'a, yau na shiga motar da aka ƙera a gidanmu!

Tun da yayana Illa ya dawo daga Abijan, wata bakwai yana haɗa ta da katako, kwanon rufi da injin wani tsohon moto, wato babur. Baba ya rantse in ba ta motsa ba yau Lahadi, sai ya sayar da tarkacen a kasuwar Tawa.

Da hantsi Illa ya ɗaura wayar ƙarshe, ya buga, ta tashi! Baba ya shige gaba, ni a baya, mata suna ta guɗa.

Muna shiga lungun kasuwa sai ga raƙuman gishiri sun tare hanya.

Baba ya ce, "Illa, koma baya!"

Illa ya yi tsuru-tsuru. "Baba, ai moto ba shi tahiya da baya."

Wata bakwai bai tuna ba!

Baba ya sauka, ya naɗe riga, ya kira masu raƙuman. Mu shida muka ɗauke ta cak, muka juya ta!

Wani cikinsu ya yi tayin ta da raƙumi guda.

Baba ya ce, "Ko goma! Ɗana ya ƙera ta."