Direban da Ke Tuƙi da Kunne

Na daɗe ina shiga motar mutumin da ba ya ganin hanya, ban kuwa sani ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ajiye abin da ke hannuna.

Baba Lallaɓa ake ce masa, saboda yadda yake jan mota kamar wanda ya ɗauko ƙwai a faranti. Bas ɗinsa tsohuwa ce, kujerunta katako ne da aka kafa a kan ƙarfe. Tana tashi daga tashar kasuwa, ta bi ta gaban gidan waya, ta haye gada, ta ratsa babbar mararraba, ta ƙare a ƙofar asibiti. Lokacin da nake akawu a gidan waya ita ce ƙafata, bayan na ajiye aiki kuma ita ke kai ni ganin likita. Mu da muka yi makarantar mishan an horar da mu a kan cewa latti rashin ladabi ne, shi kuwa Baba bai taɓa sa ni latti ba. Ba ya gudu, amma ba ya tsayawa surutu a hanya. Direbobin yanzu ga gudu ga ɓata lokaci.

Bai san wata sana'a ba sai mota. Da wankin mota ya fara, ya koma ɗaura kaya, har ya hau sitiyari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajensu a nesa, shi kaɗai ya rage a ɗaki ɗaya bayan gareji, da katifa da rediyo da wata tsohuwar taya da yake zama a kai. Kullum yana sanye da baƙin tabarau. Yakan ce, "Ranar da aka raba ni da sitiyarin nan, a wuce da ni makabarta kawai, kada a tsaya ɗaukar fasinja." Mu yi ta dariya.

Kwandastansa ƙanin matarsa ne, shi ma ba yaro ba, da furfurarsa a gemu. Zobe muke kiransa, don wani ƙaton zoben ƙarfe da ke yatsansa na tsakiya. Duk kwandastan da ke garin yana buga jikin mota, bugu ɗaya a tsaya, biyu a tafi, kowa ya san wannan. Amma bugun Zobe ba ya ƙarewa. Yana maƙale a ƙofa, rabin jikinsa a waje, idonsa a kan titi. Mai keke ya gitta, sai ya buga uku a jere. In rami ne a gaba, sai ya karta zoben a jikin ƙofa, ƙiii, mota ta kauce. Mu dai mun ɗauka hali ne.

Matan kasuwa sukan ce, "Kai Zobe, in ganga kake so ka faɗa, mu haɗu mu saya maka."

Ya ce, "Yaya ne ke gyangyaɗi, ina tashinsa."

Baba ya amsa daga gaba, ko waiwaye babu, "Ƙaryarka ta sha ƙarya. Albarkacin 'yar'uwarka kake ci, Allah ya ji ƙanta. Ba don ita ba da tuni na canja ka da ƙararrawa."

Ran da abin ya fito fili, da hantsi ne. Ina zaune a kujerar da ke bayan direba, wani kafinta yana gefena da jakar kayan aikinsa. Muka tsaya daf da mararraba, danja ta nuna ja. Wata tela ta ce za ta sauka da keken ɗinkinta, Zobe ya sauka ya ɗauki kan keken zai tsallakar mata da shi kwalbati. Kafintan ya gyara zama, wata ƙusa da ta ɗago a kujera ta kama masa wando.

Ya ce, "Wannan ƙusa ta ci wandunan bayin Allah da yawa. Yau ƙarshenta ya zo."

Ya zaro guduma ya buga mata. Sau biyu. Ƙarar ta bi ƙarfen kujera ta gama motar.

Baba ya sa giya ya taka totur.

Daga dama wata tifa ce ke tahowa, cike da yashi, hanya tata ce. Duk wanda ke cikin bas ɗin ya gan ta, don ta kai girman ɗaki. Na dubi Baba, na ga fuskarsa na kallon gaba, kwance lumui, kamar kowace safiya. Tifa ta danna hon, mata suka sa ihu, kowa na faɗin nasa, wani ya ce birki, wani ya ce wuce. Baba ya karkata kai gefe guda, motar na ci gaba da mirginawa. Daga baya na gane cewa a cikin hayaniyar nan duka sauti ɗaya yake nema.

Zobe ya yar da kan keken a tsakiyar titi ya sheƙo da gudu, ya kai wa bayan motar naushi guda da zoben. Baba ya taka birki har goshina ya bugu da kujerarsa. Tifa ta shafe gabanmu ta wuce, ta tafi da madubi da fitila ɗaya.

Direban tifa ya sauko yana huci. "Kai tsoho, makaho ne kai?"

Baba ya juya zai ba shi amsa, sai ya fuskanci inda ba kowa. Tabarau ɗinsa ya riga ya faɗi lokacin da ya taka birki. Ban taɓa ganin idanunsa ba sai ranar. Yanar ido ta rufe su duka biyu, fari fat kamar an ɗiga madara. Kafintan ya ɗaga hannu a gaban fuskarsa, ya kaɗa, ya sake kaɗawa. Ko ƙiftawa babu.

Direban tifa ya haɗiye sauran zaginsa.

Wata dattijuwa mai sayar da kwanuka ta tambayi Zobe a hankali, "Ɗana, tun yaushe?"

Yana riƙe da hannunsa, jini na bin yatsan. Ya ce, "Tun 'yar'uwata na da rai, Inna. Yaya yana ganin haske da inuwa. Hanyar kuma tana kansa."

Na tuna cewa a cikin wannan mota na kai mai ɗakina asibiti a ciwonta na ƙarshe, a cikinta jikokina suka yi ta zuwa makaranta.

Da mutane suka dawo hayyacinsu, wasu suka yi kan Zobe, ana cewa a kira 'yan sanda. Baba ya ce, "Ku ƙyale shi. Ni na roƙe shi, da kuka na roƙe shi." Ya lalubi makulli ya zare, ya miƙa shi cikin iska. Ba wanda ya karɓa, sai da Zobe ya matso. Baba ya sauko ya tsaya a bakin titi. Mararrabar da ya shekara da shekaru yana ratsawa da mutane cike da mota, ya kasa tsallaka ta da ƙafa. Zobe ne ya kama hannunsa.

Shugabannin tasha suka karɓe lasisinsa a ranar, daidai kuma suka yi. Motar ta ɓace daga hanya. Na tuna maganarsa ta makabarta, na yi ta sauraron sanarwar rasuwarsa.

Bayan damina sai ga bas ɗin a tasha da sabon madubi. Zobe ne a kan sitiyari, ya je an gwada shi an ba shi takarda, yana zaune a sandare kamar ɗan firamare ranar jarrabawa. Baba kuwa yana kujerar bakin ƙofa, ba tabarau, zoben na yatsansa. Fasinja ya ce "akwai", ya buga ɗaya. Ya ji ƙafar ƙarshe ta hau, ya buga biyu. Gada yana gane ta da ƙarar taya, asibiti da warin magani.

"Canja giya mana," in ji Baba. "Kana yanka mini mota a gaban idona."

"Wane idon, Yaya?"

"Wanda ya fi naka."

Da yawa daga cikin tsofaffin fasinjoji ba su sake shiga ba, ban kuma ga laifinsu ba. Telar nan ma ba ta yafe kan kekenta ba. Ni ina shiga, amma na bar kujerar bayan direba. Kusa da ƙofa nake zama yanzu, gefen Baba, kuma in mun doshi mararraba da kaina nake duba dama da hagu.