Inna Kuramochi da Kaskon Turare

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Kuramochi Fumie take buɗe ɗakin sujada na makarantar tauhidin Anglikan da ke bayan gari. Sai ta share, ta jera silifas a bakin ƙofa, ta duba wace rana ce. Litinin, Laraba da Juma'a na masu turare ne: kyandir shida, ƙararrawa, gawayi a kasko mai sarƙa. Talata da Alhamis ta kwashe duka, ta bar tebur da farin zane, don ɗaliban da cocinsu ba sa son ƙawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma har yau ba wanda ya gano wane ɓangare take so. Watan gobe za ta ajiye aiki.

Waɗanda suka gani suna ba da labarin Hirakawa, ɗalibi daga Kyushu a kudancin Japan, ɗan cocin tebur da farin zane. Iyayensa mabiya Buddha ne. Ranar jana'izar mahaifinsa ya ƙi zuba turare saboda ya riga ya zama Kirista, wansa bai sake yi masa magana ba. To, a makarantar dole kowane ɗalibi ya riƙe kaskon turare kafin ya gama. Da layi ya zo kansa, sai ya haɗa jakarsa.

A ɗakin ajiya ya sami Inna Kuramochi tana goge kaskon.

"Inna, sallama na zo yi. Abin da na rasa ɗan'uwa a kansa ba zan yi a nan ba."

"Riƙe min sarƙar nan tukuna," in ji ta. "Ni kullum sai na kunna wa hoton mijina turare kafin in fito."

"Ke, Inna? Roƙonsa kike yi?"

"Roƙo? Mutumin da ko famfo bai iya gyarawa ba da ransa? Gaishe shi nake yi. Roƙo a nan nake yi."

Ya dubi kaskon. Bai kuma saki sarƙar ba.

Ranar Juma'a ya riƙe kaskon. Da gawayi ya nemi ƙarin turare, maimakon ya ɗiba da cokali, sai hannunsa ya yi abin da ya saba tun yana yaro: ya tsinci turaren da yatsu uku, ya ɗaga zuwa goshi, ya sunkuyar da kai, ya zuba. Yadda mabiya Buddha suke yi wa mamaci. Kowa ya gane.

Ana fitowa, Onodera, ɗan ajinsu, gwanin ƙararrawa, ya ce, "Kai, mutumin Kyushu, wa ya mutu? Ko Bishop muka binne ba mu sani ba?"

Inna Kuramochi tana kwashe silifas. "Babansa," ta ce. "Shekara shida ke nan. Ɗaga ƙafarka."

Dariyar ta tsaya. Hirakawa ya kwance jakarsa. Yanzu limamin coci ne a garinsu, tebur da farin zane, kuma duk shekara shi da wansa suke zuwa wanke kabarin mahaifinsu.

Ke ce mai gawayi, Inna, ke ce kuma mai farin zane. Ba ki taɓa hawa mumbari ba, amma kin tsayar mana da limami. Mun gode. Waɗanda za su karɓi makullin nan, su koyi miƙa wa mai tafiya sarƙa kafin su fara yi masa wa'azi.